Sola ko ajiyar aya? Ku ba ni shawara kahin in taɓa kuɗin nan

Ɗan Zariya 2

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, ina wuninku, ya kasuwa. Don Allah shawara nike nema wajen waɗanda sunka san abin, ba masu cewa Allah ya sa albarka kawai su wuce ba, ko da yake addu'ar ma ina so.

Ina da ɗan butik nan unguwar Zariya 2 cikin Maradi, ruwan sanyi, ƙanƙara, lemu da yawut nike saidawa. Kongelatar (firiza) biyu gare ni da wani tsohon gurup, wato injin wuta, da nike tadawa in kuran ya ɗauke, in ana zahi sai ya sha mani esansin jika ukku zuwa huɗu (sefa dubu ukku zuwa huɗu) a wuni, ban da kuɗin mai gyara. Yanzu kuɗi sun taru hannuna wajen sefa miliyan 3, akwai nawa na adashe da na moto da na saida, sai jika 700 na yayata da ke aure Tasawa, ta ba ni in juya mata. Wani mai haɗa sola ya yi mani lissahi, pano (faifan sola) 6 masu wat 550, onduler (na'urar da ke maida wutar pano irin ta gida) mai haɗa kuran da rana, batirin lityom na kilowat-awa 10, da ƙarin kongelatar biyu, duka har kuɗin aiki miliyan 2 da jika 800, ya ce in na sa na rabu da gurup ke nan kuma azumin nan mai zuwa kaɗai zai maido mani rabin kuɗina.

Matsalar ita ce Baba. Shi ya ce sam, yanzu kaka ce, in tahi ƙauyukan Agye da Cadawa in sayi aya da wake in ajiye sai bazara, yadda shi yake yi tun ban san kaina ba. Ya ce ba a maida dukiya gilashi a aza bisa kwano guguwa ɗaya ta kwashe. Ni kuma wallahi ina ganin in ban sa yanzu ba wani zai riga ni a layinmu, don na ga maƙwabcina har ya kira an auna mishi rufi. Kwana nike ina juyi. Mi kuka gani?

Usta Sola

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni sana'ata ke nan, da ita nike ci da iyalina, don haka ka san wanda ke maka magana ba zai ce kar ka sa sola ba. Amma lissahin da anka yi maka ban yarda da shi ba duka.

Pano ba shi ne abin tsoro ba. In na ƙwarai ne yana shekara 20 har sama yana aiki, kuma in an ɗaure shi da ƙarfe da ƙusa yadda ya kamata iskar damina ba ta ɗaga shi, wanda kake ji iska ta kwashe wanda anka aza da waya da bulo ne. Abin lura kawai, pano mai wat 550 na gaskiya tsawonshi ya wuce mita 2, faɗinshi mita 1 da ɗan wani abu, in an kawo maka ɗan ƙarami an manna mishi takardar 550 a baya to takardar ka saya. Kai da kanka ka riƙe mita ka auna, kuma a sa mishi na'urar auna wuta da tsakar rana a gabanka.

Inda kuɗi ke mutuwa wuri biyu ne, onduler da batiri. Onduler ƙura ke kashe shi da zahi da tsawa, in ba a sa maka abin kare tsawa ba, ba a bizne ƙarfen ƙasa ba, hadari ɗaya ya isa. Sannan kongelatar in za ta tashi tana jan wuta ninki ukku ko hiye da abin da take ci in tana tafiya, to ka ga huɗu in sun tashi lokaci guda onduler ɗin da bai kai ba sai ya yi ta kuka yana yankewa. Batiri kuwa, irin mai ruwa da irin mai jel ɗin nan ana auna kwanakinsu ne a zahin digiri 25, duk ƙarin digiri 10 kamar ka raba rayuwarshi biyu ne, mu kuma nan Afrilu da Mayu mun wuce 40 a inuwa balle cikin butik mai kwano. Lityom ya fi juriya nesa ba kusa ba, shi ya sa yake da tsada, ina da tabbacin cikin miliyan 2 da jika 800 ɗin nan shi ya ci kaso mafi girma.

To tambayata, mi za ka yi da batirin kilowat-awa 10? Kai ba asibiti ba ne. Mai ƙanƙara ajiyar wutarshi na cikin kongelatar, in ta daskare da rana tun daga hantsi har la'asar, ka rufe marfi ka hana yara buɗewa, har asuba tana nan. Ka sa pano da onduler mai kyau da ɗan batiri rabin wancan, kongelatar biyun da ke gare ka su ci rana, dare in akwai kuran su ci kuran. Onduler ɗin dai ka sayi babba tun yanzu wanda in ka tashi ƙari ba sai ka canza shi ba. Gurup kuma kar ka saida, lokacin hazo ana kwana biyu ukku rana ba ta fita sosai, ga ƙura ta rufe gilashi, in ba ka hawa kana wankewa za ka zaci pano ne ya lalace.

Abu na ƙarshe garanti. Ka tambaye shi in onduler ya mutu wa zai canza, a ina. In ya ce Kano, ka tuna iyaka ba kullum take buɗe ba.

Abba Wifi

Kai jama'a ku bar tsorata yaro mana!! Yayana sa kayanka duka, ko bashi ne ka ƙara. Mun manta Agustan 2023 ne? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli Najeriya ta yanke muna kuran, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, mu Maradi ma layinmu ta Katsina da Gazawa yake biyowa, har sai 2024 anka ɗage takunkumi. Wa ya ci kasuwa lokacin? Mai sola. Mai cajin waya da ke da pano biyu kacal sai da ya rasa inda zai aje salula, masu ƙanƙara kuwa ba a magana, layi ake yi musu. Waɗanda sunka tsaya sai sun yi nazari, ko da sunka tashi saye kayan sun yi tsada sun yi wuya. Sai kuma Maris 2025 da esansi ya yi ƙaranci ana cikin azumi, mai gurup yana tsaye a layin gidan mai da jarka, kiliyan ɗinshi na wajen maƙwabci. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Haka anka yi da Nita da Amana, kamfanonin aika kuɗi, da sunka shigo waya, dattijai na cewa su kuɗi sai sun ƙirga da hannu, yau wane ɗan kasuwa ne a babbar kasuwa ba a turo mishi ta MyNita ko AmanaTa? Ni da Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo ƙasar nan a 2025 ban jira kowa ba, na sa na fara saida tikitin wifi a unguwa, yanzu wasu na ta kwaikwayo amma mutane sun riga sun saba da ni. Aya kowa na iya saye ya ajiye, tsoho da yaro, ribar da kowa ya sani ai ba riba ba ce. Baba a ba shi haƙuri, zamaninsu daban.

Hajiya mai Yawut

Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni na sa sola a gidana don yawut da lamurje kuma ban yi da-na-sani ba, amma maganar nan ta mai haɗawa cewa azumi zai maido maka rabin kuɗi ita ta sa na tsaya rubutu.

Ɗauko kalanda. Azumi kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Na 2021 tsakiyar Afrilu ya kama, na 2023 ƙarshen Maris, na 2024 wajen 11 ga Maris, na 2025 farkon Maris, mai zuwan nan na 2026 wajen 18 ko 19 ga Fabrairu ne, na bayanshi farkon Fabrairu, kahin 2030 muna azumi cikin Janairu da bargo. Duk labarin da kake ji na wane ya yi gida da ƙanƙarar azumi, a shekarun da azumi ya faɗo tsakiyar zahi anka yi shi, lokacin da mutum zai ba da dala ashirin har arba'in a kan ƙulli ɗaya bai yi ciniki ba. Waɗannan shekarun sun juya baya, sai bayan shekara ashirin da wani abu za su dawo. Za a sha ruwan sanyi da shan ruwa, ban ce ba za a sha ba, amma wanda ya yi azumi cikin hunturu ba ya rububin ƙanƙara.

Don haka ka yi lissahin wata 12, kar ka ɗauki cinikin Afrilu ka ninka. Maris zuwa Yuni kasuwa ce, da damina ta sauka sai ta yi rabi, Oktoba ta ɗan taso, Disamba da Janairu kuwa wallahi wata rana sai ka kashe kongelatar ɗaya don ba abin sawa. Esansin jika huɗu a wuni da kake cewa za ka huta da shi, wuni nawa ne a shekara kake ƙona shi haka? Wannan shi ne ainihin abin da sola za ta maido maka, shi da ragin faktir, wato takardar kuɗin wuta, sauran duk fata ne.

Kuma maƙwabcinka da kake tsoro, ko ka riga shi ko ya riga ka, baɗi ku biyar ne a layin, ƙanƙara ba ta da suna, wanda ya fi kusa ko ya fi araha shi ake zuwa wa. Ni abin da ya riƙe ni ba sanyin ba ne, hannuna ne a yawut, da masu butik da nike kai wa kowace safiya ba fashi. In za ka ƙara kongelatar ka fara sanin mi za su ci lokacin sanyi. Kaji ne, kihi ne, ko mahauta za ka ba haya su aje naman da ya kwana, ko mata masu zoɓo da ba su da firigo su riƙa biyanka kuɗin ajiya. Ka je ka yi magana da su tun yanzu, in ka samu mutum ukku da sunka ce e to ka sayi ta ukku. Ta huɗu ta jira.

Abba kai kuma ka bar cewa yaro ya ci bashi, wifi ɗinka ba ya narkewa.

Alhaji na Kadro

Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mani ni ina faɗi, in kun ga kure nashi ne.

Yaro, mahaifinka yana da gaskiya amma ba duka ba, kuma kar ka gaya mishi ni na ce. Ajiya ma kasada ce, don dai mun saba da ita ne shi ya sa ba mu kiranta haka. Garin ga da gyaɗa ya tashi, iyayenmu da ita sunka yi Makka lokacin SONARA, kamfanin da ke sayen gyaɗa, farin 1973 da 1974 ya zo gyaɗa ta kwanta, wanda ya ce shi sai gyaɗa da ita ya kwanta, waɗanda sunka juya sunka kama fiton kaya zuwa Najeriya su ne alhazan da kuka tashi kuna jin sunansu. Janairun 1994 munka kwana munka tashi sefa ta rabu biyu. Najeriya ta rufe iyaka Agustan 2019 sai Disamban 2020, anka sake rufewa 2023 sai Maris 2024. Naira da ake canza dala ɗaya ta Amurka wajen 460 kahin Yunin 2023, farkon 2024 ta wuce 1,500, to mutumin Jibiya ko Dawanau da ke zuwa sayen ayarka da mi zai biya ka farashin sefa? Oktoban 2024 kuma gumnati ta hana fidda hatsi waje in ba Mali da Burkina ba, wanda ya cika sito da niyyar ƙetarewa ya san abin da ya gani. To ka ga ba wata hanya da aka shimfiɗa wa tabarma.

Mu ma mun karɓi sabon abu. Da buhun PICS ya zo wajen 2007, mai leda biyu ciki da buhu waje, anka ce wake zai yi wata da watanni ba magani ba ƙwaro, dariya munka yi. Masu abin ba su yi gardama da mu ba, sai sunka ɗaure wake a ƙauyuka gaban jama'a, bayan watanni anka taru anka kwance gaban kowa. Ni ma ɗan kaɗan na fara zubawa ciki, sauran na yi yadda na saba, da na ga da idona shekara ta gaba na ƙara. Da bai yi ba, da asarar ba ta hana ni komawa kasuwa ba. Ni iyakar abin da nike dubawa ke nan a kowane sabon abu, ba nawa zan samu in ya yi ba, a'a, in bai yi ba gobe zan iya buɗe rumfa?

Bambancin aya da pano guda ne. Aya in ta ƙi, ko rashin lafiya ta taso cikin gida, ran Litinin ko Juma'a ka fidda buhu biyar ka saida ko da faɗuwa, kuɗi na hannunka kahin azahar. Pano da batiri ranar da anka ɗaura su sun zama na hannu, mai saye zai taya rabi yana yi maka alfarma.

Sannan ka ce miliyan 3 gare ka za ka kashe 2 da jika 800. Jika 200 za su cika kongelatar huɗu da lemu da yawut, su biya haya, su jira gyara? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna, jika 700 na yarinyar nan. Ta ce ka juya mata, ba ta ce ka kafe su a rufi ba. Amana ce. In kana so su shiga ka kira ta, da sanin mijinta, ka gaya mata ba za su fito ba sai bayan shekara biyu ko ukku kuma ana iya faɗuwa, in ta yarda a rubuta kasonta da shaidu. In ba haka ba nata su tahi aya wajen mahaifinku, ka ga shi ma ka faranta mishi.

Abba Wifi

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, ba gardama nike ba, maganar amana gaskiya ce na janye ta bashi ma tunda Hajiya ta harare ni. Amma a riƙa faɗa wa matasa ɗayan gefen, jira ma yana da kuɗinshi, ba ya dai zuwa da faktir ne. Duk watan da ya ƙara yana zuba esansi cikin gurup ɗin nan kuɗin pano ne yake ƙonawa. Kar a yi ta kaɗan-kaɗan har bazara ta wuce.

Ɗan Zariya 2

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Hajiya wallahi maganar kalandar nan ko a mafarki ban kawo ta ba, jiya da dare na ɗauko littahin butik na bi wata-wata, abin da na gani watannin da nike tada gurup sosai ba su wuce huɗu ba, sauran jefi-jefi ne. Na kira yayata kuma, ta ce ita kuɗin aurar da ɗiyarta ne bayan babbar salla, ashe ma ba masu daɗewa ba ne, don haka nata sun tahi wajen Baba, har ya fara kiran mutanenshi na Cadawa yana murna kamar shi ya ci gardamar duka, na ƙyale shi.

Saura miliyan 2 da jika 300 nawa. Abin da nike tunani in sa pano da babban onduler da ƙaramin batiri yadda Usta ya ce, kongelatar ɗaya kawai zan ƙara don akwai wani mahauci bakin titi da ya ce yana so, in bar wajen jika 600 a hannu. Amma Abba ma ya yi gaskiya, ina so a gama kahin Fabrairu. Usta, pano 6 ɗin zan bari ko in rage zuwa 4? Kuma lityom ɗin da ake kawowa mai arha wanda ba suna jikinshi fa, mi ka ce?

Usta Sola

Bar su 6, pano ne mafi arha cikin kayan duka kuma shi zai cece ka ranar hazo, a batiri ake ragi ba a nan ba. Marar sunan nan kar ka taɓa, sau da yawa tsofaffin ƙwayoyi ne anka sake wa riga, ka nemi irin lityom ɗin da an rubuta LiFePO4 jikinshi, mai allon da ke nuna ko sau nawa anka caja shi, kuma mai shagon ya kasance nan cikin gari inda za ka iya zuwa ka zauna mishi a benci in abu ya faru. A rubuta garanti a takarda da tambarin shago, ba a baki ba.

Kahin ka biya ko dala, a sa wa kongelatar ɗinka biyu na'urar auna ci su kwana su wuni da ita, tsofaffi ne, in robar bakin marfin ta saki suna iya cin na ukku su kaɗai, robar kuwa ba ta da tsada. Ka aje faktir ɗinka na Afrilu da na Disamba kusa. Kuma ka fita da hantsi da kuma bayan azahar ka dubi rufinka, in akwai bedi ko benen maƙwabci da ke jefa inuwa ko a pano ɗaya ne, layin duka yake ja ƙasa. In bedin na maƙwabcin nan naka ne mai shirin sa sola, to ku yi maganar sassabe tun kuna shiri da juna.